Coci Mai Filin Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya taso a Jos ko Kaduna ko Zariya, ya sauka a biranen Amurka irin su Chicago da Philadelphia, zai ga wani abu a coci-cocinsu da bai saba gani ba. Da yawa daga cikinsu, ban da ɗakin sujada, suna da babban zaure mai daɓen katako da kwanduna biyu a rataye, inda matasan unguwa ke buga ƙwallon kwando da yamma. Akwai gasar coci da coci, fasto kan riƙe usur, ana kuma yin addu'a kafin a jefa ƙwallo sama. A gida kuwa, matashin Kirista mai son wannan wasa wuri biyu yake raba kansa. Coci na da ƙungiyar mawaƙa da zumuntar matasa da Boys' Brigade, wasa kuma sai a filin makaranta, ko jami'a, ko barikin soja, ko dandalin gwamnati. Wasu kan ce zauren wasa a coci alama ce ta yadda Kiristancin Amurka ya yi sako-sako, wasu kuma su ce mu ne aka bari a baya. A ganina duk sun kauce, domin abin da ya raba tsarin biyu shi ne wanda ya mallaki filin, kuma yanayin birni ne ya yanke wannan hukunci.

Tun asali ma wasan a hannun masu aikin bishara aka haife shi. James Naismith, ɗan Kanada da ya yi karatun tauhidi a kwalejin Presbyterian ta Montreal, shi ya ƙirƙiro shi a watan Disambar 1891 a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA da ke Springfield, jihar Massachusetts. Shugaban sashensa, Luther Gulick, ya nemi wasan da za a yi cikin ɗaki, domin sanyin hunturu ya kulle ɗalibai sun rasa inda za su sauke ƙarfinsu. Naismith ya kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu, ya rubuta dokoki 13, ya kuma hana gudu da ƙwallo a hannu don kada a riƙa kokawa a kan katako. Mutanen YMCA na zamanin sun yi imani cewa jiki da hankali da ruhu tare ake renonsu. Saboda haka idan cocin Amurka ya gina zauren wasa, abin gidansu ya riƙe, ba baƙon abu ya shigo da shi ba.

Sai dai tarihi kaɗai ba zai riƙe al'ada sama da shekara ɗari ba, buƙata ce ta riƙe ta. Ƙwallon kwando wasan matsattsen wuri ne. Filinsa bai kai mita 30 a tsawo ba, mutum goma sun isa, kuma ba ya neman kayan tsada. A birnin da ƙanƙara ke rufe titi watanni, fegi kuma ya fi ƙarfin talaka, wanda ke da rufi da wuta da abin ɗumama ɗaki shi ke da matasa, kuma a unguwannin marasa ƙarfi sau da yawa coci ne ke da su. Bishop Bernard Sheil, wanda ya taɓa zama limamin fursunoni a gidan yarin Chicago, ya ga samarin da titi ya cinye, shi ya sa ya kafa ƙungiyar matasan Katolika ta CYO a 1930, ya sa dambe da ƙwallon kwando a gaba. Har yau gasar CYO na gudana a birane kamar New York. Su ma 'yan Baptis da makamantansu suna da Upward, wadda ta soma a Spartanburg ta jihar South Carolina a 1995. A Kaduna ko Jos babu sanyin da zai kora yaro cikin ɗaki, duk kangon fili kuma wurin tamaula ne, don haka coci bai taɓa zama mai mabuɗin wasa ba.

Masu suka suna da hujja mai nauyi, wato ranar Lahadi. A 1924 ɗan tsere Kirista Eric Liddell ya ƙi shiga tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris saboda zagayen farko ya faɗo ranar hutun Ubangiji. Yau babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, na wasa ranar Lahadi ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, tana kuma wasa ranar Kirsimeti tun 1947. Gasannin yara na ƙarshen mako sukan kwashe iyalai zuwa wasu garuruwa, kujerunsu a coci su zauna fayau, fastoci kuma na kuka da haka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: cocin da ya koya wa yaro son wasa ba zai yi mamaki ba ran da wasan ya nemi safiyar Lahadinsa. Wannan gaskiya ce, amma a lura da wanda ya ƙwace Lahadin. Kuɗin talabijin ne da kasuwar neman tallafin karatu a jami'a, waɗanda za su yi aikinsu ko coci na da zaure ko babu. Cocin da ke da nasa filin ma shi kaɗai ne ke da ikon cewa yau ba wasa sai an tashi sujada.

Suka ta biyu ita ce wasan ƙugiya ce kawai, a jawo yaro da ƙwallo a ɗora masa wa'azi lokacin hutun rabin lokaci, ko kuma taurari su mai da sunan Allah abin ado bayan sun ci nasara. Ana yin duka biyun, ba musu. Amma abin da ya fi ƙarfi a wannan al'ada ba gaban kyamara yake ba. Kusan awa guda kafin a soma wasan NBA, akan yi gajeriyar sujada ta ganin dama a wani ɗaki cikin ginin, kuma 'yan ƙungiyoyin biyu da za su kara ke zama tare. Mai addu'a kusa da wanda zai yi ƙoƙarin kayar da shi nan da sa'a ɗaya, da wuya ya roƙi Allah ya ba shi nasara shi kaɗai. David Robinson, tsohon ɗan wasan San Antonio Spurs, kuma ya nuna tasa bangaskiyar da aljihunsa, ya buɗe makarantar Carver a unguwar talakawan San Antonio a 2001.

Inda nake ganin tsarin gida ya fi na Amurka shi ne wurin da ba a cika yabonsa ba. Da yake filin ba na coci ba ne, ba na masallaci ba ne, kowa na da haƙƙi a kansa. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya taso ya koyi wasan, garin da Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana tara 'yan wasa daga kowace ƙabila da kowane addini. Hakeem Olajuwon, Musulmin da ya riƙa azumin Ramadan yana buga wa Houston Rockets, daga filayen Legas ya fito. Zauren cocin Amurka kuwa yakan gaji iyakokin ikilisiyarsa, kuma sananne ne cewa coci-cocin ƙasar da yawa a rarrabe suke tsakanin baƙaƙe da farare. Cakuɗuwar gaske ta fi faruwa a filayen titi irin Rucker Park na Harlem, waɗanda na hukumar birni ne.

Wannan ne ya sa kwafo tsarin Amurka kai tsaye ke da haɗari a wurinmu. Tun rikicin 2000 Kaduna ta rabu, galibin Kirista sun koma kudancin kogin da ya ratsa garin, galibin Musulmi arewa, Jos ma ta bi sahu bayan 2001. A irin waɗannan birane filin wasan gwamnati na cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bulus da Bala ke miƙa wa juna ƙwallo. Idan kowane babban coci ya gina nasa a bayan katanga, mai gadi na tambayar suna a ƙofa, matasansa za su sami kwando mai kyau su rasa wannan haɗuwar. Cocin da ke da kuɗin siminti da fitilu zai fi amfanar matasansa in ya gyara filin makarantar gwamnati da ke unguwar, ya tura dattawansa su koyar a can, ya kuma shiga zaman tsara jadawali don kada wasa ya faɗo safiyar Lahadi ko lokacin sallar Juma'a.