Kangon da Mutum Dubbai Suka Yi Karo-karo Suka Saya

Wallahi ina fitowa daga cikin itatuwan nan sai na ƙame. Na ɗauka idona ne ke yi mini gizo. Ga fada guda tsaye a tsakiyar ruwa, hasumiyoyinta cirko-cirko, rufi babu, kuma ta tagar bene wani reshe ya leƙo yana kaɗawa kamar maigida na yi wa baƙo barka da zuwa!

La Mothe-Chandeniers ke nan, a Les Trois-Moutiers, kusa da Loudun a yammacin Faransa. Tun ƙarni na 13 aka kafa ta. Sau biyu sojojin Ingila suka ci ta da yaƙi, aka wawashe ta lokacin juyin juya hali, sannan masu hannu da shuni suka sake ƙawata ta a ƙarni na 19 (gaskiya, yawancin adon da ya tafi da hankalina nasu ne). A Maris na 1932, ana gama sa mata na'urar ɗumama ɗakuna, gobara ta tashi, ta cinye rufi da littattafai. Sai daji ya gaje gida.

Na shafa bango, garin farin dutsen ya biyo yatsana kamar alli. Ga wata saiwa mai kaurin damtsena ta kutsa tsakanin duwatsu biyu, ta raba su, kuma ita ce dai take riƙe da su. Ka bar ta, ta ƙarasa tsaga bangon. Ka fizge ta, bangon ya biyo ka. Gaba kura, baya sayaki!

A ƙarshen 2017, kamfanin Dartagnans da ƙungiyar Adopte un Château suka buɗe karo-karo ta intanet, kowa ya kawo aƙalla Yuro 50. Aka tara fiye da Yuro 500,000, aka saye kangon. Masu shi yanzu dubbai ne, daga ƙasashe fiye da 100, wasu ko ƙofarsa ba su taɓa gani ba.

Abin da ya fi burge ni, ba su yi gaggawar share shi tas su shafe da fenti ba. Inda bango ya yi ciki suna tokare shi, inda dutse ke lilo su ɗaure, wasu itatuwan kuma an bar su a mazauninsu.

Na daɗe a tsaye cikin wani zaure ina kallon sama ta inda rufi yake a da, har wani tsuntsu ya shigo ta taga ya fice ta ɗaya.