Layin Keken da Bai Wuce Mako Bakwai Ba

A gida, keke abin hawan ɗan makaranta ne da mai ƙaramin ƙarfi. A Landan kuwa, ma'aikacin banki da ɗalibi da mai kai abincin Deliveroo duk wuri ɗaya suke tsayawa suna jiran danja ta ba su hannu. 'Yan uwanmu da dama da keken nan suke neman na kansu, don haka rigimar layin keke ta shafe mu.

Hanyar da na fi jin daɗin bi ita ce ta bakin Kogin Thames, daga Westminster zuwa Blackfriars. An buɗe ta a 2016, an yi mata dakali da ya raba ta da motoci. Kana tafe hankali kwance, kogi na gefenka. Sai dai an yi asarar rayuka kafin a kai nan. A Nuwamban 2013 kaɗai, mahaya keke shida suka mutu cikin mako biyu, dukkansu a karo da bas ko babbar mota.

Idan na ratsa Hyde Park na faɗa titin Kensington High Street, sai labari ya sha bamban. A Oktoban 2020, lokacin korona, ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta kakkafa sandunan roba ta ware wa kekuna layi. A Disamba ta tuge su, bayan mako bakwai kacal. Wasu 'yan kasuwa da mazauna unguwar sun ce layin ya ƙara cunkoso. Magajin gari Sadiq Khan ya yi tir da matakin, malaman makaranta da iyayen yara suka fito zanga-zanga a kan kekunansu.

Ban raina kukan mai shago da ke neman wurin sauke kaya ba. Amma cunkoso jinkiri ne, mutum zai isa gida ko da dare ya yi. Wanda babbar mota ta bi ta kansa fa?

Kafin su daidaita, ɗan uwa ka kula da kanka. Kada ka kutsa ta hagun babbar mota a mahaɗar titi, direba ba ya ganinka. Da dare doka ta wajabta farar fitila a gaba, ja a baya. Tun Janairun 2022 kuma, ƙa'idar hanya ta ce mai mota ya bar maka aƙalla mita 1.5 idan zai wuce ka, amma ba kowane direba ke bin ta ba.