Tsuntsun da Yaran Fadama Suka Ƙera

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri tana ratsa ƙasar da ba ta ɓoye arzikinta. A Aliero albasa ce ke fara yi maka maraba, buhu kan buhu, ga jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Kebbi ta kafa a 2006, ga masu ɗori da ake kawo wa karaya daga nesa. Jega kuwa, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa kusa da Gulbin Zamfara, kasuwa ce ta gaban kwatance. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai can wajen Maiyama na same shi, a bakin wata gonar shinkafa, wurin yara masu korar tsuntsaye.

Wanda bai ga jan-baki ya sauko wa gona ba, bai san tashin hankalin manomi ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma garkensa kan turnuƙe sama kamar hayaƙi, kuma idan shinkafa ta fara nuna ba ya jiran kowa. Shi ya sa yara ke wuni a gona da majajjawa da gwangwanaye ɗaure a igiya. To, kafin wani garken ya iso, wasa suke yi, kuma wasan ne ya hana ni wucewa.

Sun zana gona a ƙasa, sun tona ramuka irin na dara. Babbansu ke riƙe da labari. Sauran kowa ya zaɓi abin da zai zama: wannan maharbi, wancan masunci, wani mai ɗori. Duk wanda zai yi yunƙuri sai ya watsa tsagaggun karare, yadda suka faɗi shi ke nuna ko ya yi nasara. Abokin gabarsu wani tsuntsu ne da su da kansu suka ƙaga. Tukkunsa na gauraka ne, wuyansa na zalɓe, kowane gashi a jikinsa kuma jan-baki ne mai rai.

Na ce da mai labarin, "Samari, da wane makami ake kashe shi?"

Ya ce, "Baba, wanga tsuntsu kibiya ba ta cin shi. In ka harbe shi watsewa shikai, ya koma garke, ya sake haɗuwa bayanka."

Sai suka shiga ba ni lagonsa, suna katse juna. Ba ya sauka kusa da itacen da shamuwa ta yi sheƙa, don ita baƙuwar damina ce da ba a taɓawa. Ba mai iya matsarsa sai maharbin da ya ɗaura kan burtu ya sunkuya, yadda maharban daji ke yi wa namun dawa. In ya ci ya ƙoshi kuma, nauyi kan hana shi tashi.

Wasan nasu yana da takwara a wasu wurare. A Amurka, tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, mutane ke zama gaban tebur da littattafan dokoki, wasu kuma su ƙagi dodanninsu su ƙara a kai. A Dare Dubu da Ɗaya ma akwai katafaren tsuntsun nan da ya ɗauki Sindbad. Girman jiki shi ne abin tsoron wancan. Na yaran nan ya fi burge ni, domin babu gaɓa ɗaya a jikinsa da ba su gani da idonsu a fadama ba, kuma tsoron da ke cikinsa tsoron gidansu ne: a wayi gari noman shekara ya tafi.

Wani abin da na yaba shi ne yadda suke kafa doka. Ƙaraminsu, wanda ya zama masunci, ya ce tunda kibiya ba ta aiki, shi birgi zai jefa ya rufe garken gaba ɗaya. Gardama ta kaure. Mai labarin bai yi masa tsawa ba, ya saurari kowa, sannan ya yanke: birgi zai kama tsuntsun, amma sai in yana ƙoshe, kuma sai karare uku sun faɗi rigingine. Yaron ya tattara kararen ya watsa. Biyu suka yi rigingine, ɗaya ya kife, aka ce maharbi ya shirya.