Awa Ɗaya Tsakanin Jidda Da Madina

Da muka kammala Umura bara, sai tafiyar Madina ta taso, ni kuwa hankalina yana kan gwiwoyin Inna, domin ɗawafi da sa'ayi sun riga sun cinye ƙarfinta. Daga Makka zuwa Madina a mota kusan kilomita 450 ne, zaman awa biyar ke nan. Ta sama kuwa, tazarar da ke tsakanin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina ba ta kai kilomita 350 ba, tikiti kuma ya ce awa ɗaya. Na biya kuɗin, ina ganin na saya mata hutu.

Ashe lissafin dokin rano na yi. Makka ba ta da filin jirgi, sai da muka yi fiye da awa ɗaya a mota kafin mu isa Jidda. Muka kwashe awa biyu tsakanin awon kaya, bincike da zaman jira. Ita kanta awa ɗayar da aka rubuta ba duka a sama ake yin ta ba. Jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa zai iya cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin awa, amma ana ƙirga lokacin ne tun daga sa'ad da ya motsa daga inda aka hau shi har ya tsaya inda za a sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, jirgi bai gama hawa ba sai ya fara shirin sauka. Da muka haɗa da jiran jakunkuna da motar shiga gari, awa biyar da rabi muka yi kafin mu ga masauki.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar ƙafa. A doguwar farfajiyar filin jirgi Inna ta taka abin da ba za ta taka ba da mota muka shiga, ni kuma ban san ana neman keken tura tsofaffi tun wajen sayen tikiti ba. Sai daga baya na ji cewa jirgin ƙasan Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana ɗaukar mutum daga cikin Makka ya kai shi Madina a ƙasa da awa uku.

Da dare na ba ta haƙuri. Ta yi murmushi ta ce, "Kai yaro, kakana da ƙafa ya bar Garwa, ya ratsa Chadi, ya yi shekaru yana noman ƙodago a Sudan don ya tara kuɗin jirgin ruwa, can kuma ƙasa ta rufe masa ido bai ga Ka'aba ba. Ni da na hango baƙaƙen duwatsun Madina ta taga ina zaune, wane ƙorafi zan yi?"

Na yi shiru, amma na ɗauki darasi. Wanda zai raka tsoho, kada ya tsaya ga awar da ke kan tikiti. Ya ƙirga daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, ya kuma ƙirga takun da tsohon zai yi a tsakani. Allah Ya kai wanda bai je ba.