Hakin Da Ka Raina: Kurakuran Bakin Rami A Wasan Golf

Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai ba su taɓa taka filin golf ba, wasan da kafofin watsa labarai suke kira ƙwallon lambu. Sun ɗauke shi wasan masu hannu da shuni, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni ma ba da kuɗina na shiga ba. Ɗaukar jaka nake yi wa 'yan wasa lokacin hutu a wani fili da ke garinmu, da abin da nake samu nake cika kuɗin makaranta. Mai ɗaukar jaka, wanda ake kira kadi, yakan bi ubangidansa rami 18, ba ya bugu, sai kallo. Abin da idona ya gani nake son in bayyana da Hausar da na koya a aji, domin harshen da ya ɗauki zancen noma da fatauci ba zai gaza a filin wasa ba.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Wurin nan mai lallausar ciyawa da ke kewaye da rami zan kira shi farfajiya. Bugun da ake yi a cikinta, wanda ƙwallo ba ya tashi sama sai dai ya bi ƙasa, zan kira shi mirgine, sandar da ake yin sa da ita kuma sandar mirgine.

A filin da aka ƙayyade wa bugu 72, an ware mirgine biyu ga kowane rami, wato 36, rabin lissafi ke nan. Bugun da ya ci mita 200 ɗaya ne a takarda, wanda ya ci taku guda shi ma ɗaya ne. Duk da haka, sai ka ga mai wasan nishaɗi ya ɓata awa guda yana koyon bugun nesa, ya je farfajiya ya mirgina ƙwallo biyu ya ce ya shirya. Faɗin rami inci 4.25 ne, na ƙwallo kuwa inci 1.68, wato ramin ya ninka shi sau biyu da rabi. Ashe ba ƙanƙantar rami ke kayar da mutane ba.

Babban kuskure, a ganina, shi ne damuwa da saiti a manta da ƙarfi. Mutum zai durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya zagaya rami, sannan ya buga ƙwallo ya tsaya mita biyu kafin rami ko ya zarce shi da mita biyu. Da wuya na ga wanda ya kauce hagu ko dama da nisa haka. Yawancin masu yin mirgine uku a rami ɗaya, ƙarfi ne ya ci su. Binciken Mark Broadie na Jami'ar Kolambiya ya nuna cewa ƙwararrun da ke buga babbar gasar Amurka ma, daga nisan ƙafa 8, kusan rabi kawai suke jefawa. To, ina ga mai zuwa Asabar-Asabar da ke son ya jefa daga ƙafa 30? Abin da ya kamace shi daga nesa shi ne ya ajiye ƙwallo kusa, yadda bugu na biyu zai zama ba fargaba. Gyaran kuwa shi ne ya kafa alama a mita 3 da 6 da 9, ya riƙa mirginawa zuwa kowace bi da bi, yana lura da tsawon jan sandarsa baya, domin tsawon jan nan shi ke auna nisa. Dave Pelz, wani Ba'amurke da ya bar aiki a hukumar NASA ya koma nazarin wannan bugu, ya ce ƙarfin da ya fi dacewa shi ne wanda in ƙwallo ya kuskure rami zai wuce da kimanin inci 17. Hikimar a fili take: ƙwallon da bai kai rami ba, ba ta yadda zai faɗa.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, wato ja da nisa sannan a ji tsoro. Mutum ya ja sanda baya sosai, yana dawowa sai zuciyarsa ta ce masa ya yi yawa, sai ya rage gudu dab da taɓa ƙwallo. Nan take fuskar sanda ta karkace. Maganinsa a taƙaita ja, a bar sanda ta wuce ƙwallo kamar lilo, ana ƙirga "ɗaya, biyu" a zuci, da kari iri ɗaya ko bugun na kusa ne ko na nesa.

Na uku shi ne sa wuyan hannu cikin aikin da ba nasa ba. Kafaɗu ne ya kamata su motsa, hannaye su bi su kawai, riƙon kuma ya zama sassauƙa. Wanda ya damƙe sanda kamar mai riƙe da tabarya ba zai ji nauyin kanta ba. Wannan matsala ba ta bar manya ba. Bernhard Langer na Jamus ya yi fama da fizgar hannu a bakin rami sau da dama, ya yi ta sauya riƙo da sanda, kuma ya ci gasar Masters a 1985 da 1993. Sai dai mai neman mafita ya sani cewa tun daga 2016 doka ta hana jingina gindin sanda a ciki ko a ƙirji.

Na huɗu ɗaga kai da wuri. Ɗoki ke sa mutum ya bi ƙwallo da ido tun kafin ya bar sanda, in kai ya juya kafaɗa ta bi shi, bugu ya tafi wani wuri. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ajiye kwabo ƙarƙashin ƙwallo wajen atisaye, a ci gaba da kallon kwabon har bayan ƙwallo ya tafi. A bugun kusa, kunne ya isa ya ba ka labari.

Na biyar raina gangare. Masu wasan nishaɗi sun fi kuskurewa ta ƙasan rami, domin suna saita tsakiyarsa ko da ƙasa ta karkata. Ƙwallon da ya bi ta sama yana nufo rami ne yayin da yake rage gudu, wanda ya bi ta ƙasa kuwa ƙara nisa yake yi. Tun kana tahowa daga nesa ka dubi farfajiya, ka tambayi kanka: da za a zuba ruwa a nan, ina zai gangara? Tafin ƙafa ma yana jin karkatar da ido bai gani ba. A lura kuma da yanayi. Raɓar safe takan rage gudun ƙwallo, ciyawar da iskar hunturu ta busar kuwa takan ƙara masa. A wasu filayen ƙasar nan ma farfajiyar ta yashi ce da aka cuɗa da mai, ana share ta kafin a buga, kuma ƙwallo bai cika lanƙwasa a kanta ba.

Na bar mafi zafi a ƙarshe, domin aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Abokan wasa sukan yafe wa juna bugun taku ɗaya, su ce "ɗauka kawai". Ranar gasa ba yafiya, sai mutum ya tsaya a kan bugun da bai saba yi ba, hannu na rawa. A 1970, a filin St Andrews na Sikotilan, Doug Sanders ya kuskure bugun da bai wuce ƙafa 3 ba a rami na ƙarshe, washegari Jack Nicklaus ya doke shi a wasan raba gardama. A 2024 Rory McIlroy ya kuskure gajerun bugu biyu a ramuka uku na ƙarshe na gasar US Open, kofi ya kuɓuce masa da bugu ɗaya. Shawarata ita ce kowa ya riƙa ƙarasa ƙwallonsa cikin rami ko da an yafe masa, kuma kafin ya bar wurin atisaye ya jefa goma a jere daga mita guda.

Akwai abin da ya shafe mu, mu masu ɗaukar jaka. In bugu ya ƙi, kadi ake fara harara. "Kai ka ce hagu!" Sai ka ce, "Yi haƙuri, Yallaɓai," alhali ka ga ƙwallon bai ma kai rami ba. Ranar nan ɗan ihsanin da kake sa rai ya ragu. Wani kuma sanda zai ɗora wa laifi, ya sayi sabuwa da kuɗin da zai biya wa ɗalibi zango guda. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

A taƙaice, gyaran waɗannan kurakurai ba ya bukatar sabuwar sanda ko ƙarfin damtse. Minti 15 a kan dardumar ɗaki kullum, da kofi kwance a matsayin rami, sun isa su daidaita hannu, ƙarfi kuma a je farfajiya a koye shi kafin a damu da saiti. Mu kuma ɗaliban harshe, ga fage nan a buɗe: wasannin da ba su da kalmomi a Hausa suna jiran mu. In wani yana da kalmar da ta fi "mirgine" dacewa, shafukan wannan mujalla namu ne. Allah Ya sa mu dace.