Shafin Intanet: Ado ko Sauƙi, Wanne ne Gaba?

A yanzu da wuya ɗalibi ya kammala karatu bai yi hulɗa da shafin intanet ba. Neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai, duba sakamako da neman tallafi duk sun koma can. Shi ya sa maganar yadda ake tsara shafi ta shafe mu duka, har da wanda bai taɓa zama ajin kwamfuta ba. Shafin da aka tsara da kyau yana kai mutum ga buƙatarsa cikin minti biyar. Wanda aka tsara da ganganci kuwa zai iya cinye masa data, ya ɓata masa yini, wani lokaci ma ya jawo masa rasa damar da ba za ta dawo ba sai baɗi.

Ni ɗaliba ce mai karanta kimiyyar kwamfuta, kuma a tsakaninmu masu koyon wannan sana'a na lura da wani abu. Idan aka ba mu aikin gina shafi, abin da muka fi gasa a kansa shi ne ado: hotuna masu motsi, launuka barkatai, bidiyon da ke tashi da kansa. A kan babbar kwamfutar ɗakin gwaji abin gwanin sha'awa. To amma wa zai shiga shafin? Yawancin mutanenmu da waya suke shiga intanet, wayar ma ƙarama, da datar da aka saya da lissafi, a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ra'ayina shi ne wannan mutumin ne alƙalin aikinmu. Idan shafi bai yi masa aiki ba, kyansa kyan ɗan maciji ne.

Abu na farko da zan sa a gaba shi ne nauyi. Hoto ɗaya da aka ɗauka da wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5. A jera irinsa guda biyar a fuskar shafi, mai shiga ya biya kuɗin megabait 20 tun bai karanta kalma ɗaya ba. Alhali hoton nan ana iya matse shi ya koma kilobait 200 ko ƙasa da haka, idon mai kallo a waya ba zai ga wani bambanci ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. A shekarar 2015 Facebook ya fito da Facebook Lite saboda masu ƙananan wayoyi da raunin sabis, kuma da yawanmu da Opera Mini muka fara leƙa intanet, manhajar da ke matse shafi kafin ya iso wayar mutum. Idan masu biliyoyin daloli suna tausayin datar talaka, mu da muke zaune gida ɗaya da shi ba mu da hujjar ƙin yi.

Na biyu shi ne kada a sa mai shiga ya yi ta lalube. Mutum yana zuwa shafi ne da buƙata guda: ya biya kuɗi, ya cike fom, ya ga farashi ko ya sami adireshi. Wajibi ne abin da ya kawo shi ya kasance a gabansa, da sunan da ya saba kiransa da shi. Ku dubi fuskar Google: akwati ɗaya na rubutu a tsakiyar farin fili, ba mai buƙatar a koya masa inda zai taɓa. Akwai ma misalin da ya fi burge ni. A shekarar 2012 gwamnatin Birtaniya ta buɗe GOV.UK domin haɗa ayyukan hukumominta a wuri guda. Shafin kusan baƙin rubutu ne a kan fari, babu wani ƙyale-ƙyale. Amma a 2013 gidan adana kayan ƙira na Landan ya ba shi lambar yabo ta ƙirar shekara, a gasar da gine-gine da tufafi da kujeru suka shiga. Abin da aka yaba shi ne yadda ɗan ƙasa ke samun abin da ya zo nema ba tare da wahala ba.

Na uku, shafi ya riƙa yi wa mutum magana. A bara na zauna da ƙanena muna cike masa fom ɗin neman wani tallafin karatu. Fom ɗin doguwar takarda ce guda, tambayoyi sun fi talatin. Da muka kai ƙarshe muka danna maɓallin aikawa, sai sabis ya ɗauke, komai ya goge. A karo na biyu shafin ya ce akwai kuskure, bai faɗi a ina ba. Sai a karo na huɗu muka gano ashe lambar waya ce yake so a rubuta ba tare da sifilin farko ba. Layi ɗaya na bayani a ƙarƙashin akwatin da ya wadatar. Ƙanena yana da mai taya shi, amma na tabbata akwai yaran da suka haƙura a karo na biyu suka tafi, kuma ba don ba su cancanta ba. Tun a 1994 masanin nan Jakob Nielsen ya jera ƙa'idoji goma na sauƙin amfani, daga cikinsu akwai sanar da mutum halin da aikinsa ke ciki, da bayyana kuskure cikin harshen da zai gane tare da nuna masa mafita. Shekara talatin ke nan da ɗoriya, amma har yau ana karya su.

Na huɗu ya shafi ido da yatsa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a cikin ɗaki, amma a fita da shi tsakar rana a gani. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee mai ƙirƙirar yanar gizo ya kafa a 1994, ta ba da shawarar cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Akwai kuma masu matsalar bambance ja da kore, saboda haka launi kaɗai bai isa ya nuna daidai ko kuskure ba, a haɗa da kalma. Makafi suna amfani da manhajar da ke karanta musu allo, wadda ta fi dogara da gajeren bayanin da aka rubuta wa hoto wajen faɗin abin da ke cikinsa. Maɓalli kuma ya yi girman da babban yatsa zai danna shi bai haɗa da maƙwabcinsa ba.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin nauyi a kanmu. Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan aka zaɓi wanda babu su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito daban da 'yan uwansa. Wasu don gudun haka sai su watsar da lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Maganin a kusa yake: akwai salon haruffa na kyauta irin su Noto na Google da ke ɗauke da haruffanmu. Abin da ake buƙata kawai shi ne mai ginin ya gwada kafin ya zaɓa.

Ban ce a watsar da ado ba. Shafi mai tsafta, mai launi biyu ko uku da suka dace da juna, mai sarari tsakanin sakin layi, yana sa mutum ya amince da masu shi, kamar yadda shago mai shara da tsari ke jan mai saye. Sai dai adon ya biyo bayan aiki. A fara tsara shafin a kan ƙaramin allon waya, idan ya zauna daidai sannan a faɗaɗa shi zuwa kwamfuta.

Daga ƙarshe ga shawarar da ba ta cin ko sisi. Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yana fito da mafi yawan matsalolin shafi. Saboda haka ɗan uwa, idan ka gama aikinka kada ka tsaya ga yabon abokan ajinku. Ka miƙa wa mahaifiyarka wayar, ko mai shagon layinku, ko ƙanwarka 'yar sakandare, ka ce su nemo farashi ko su cike fom, sannan ka kama bakinka ka zuba ido. Duk inda suka tsaya suna duban fuskarka, nan ne gyara yake. Nan da 'yan shekaru mu ne za mu riƙa gina shafukan makarantu da asibitoci da ma'aikatun ƙasar nan, kuma iyayenmu da ƙannenmu ne za su shige su. Allah Ya ba mu ikon sauƙaƙa musu.