Hoto Ba Ya Magana Sai An Yi Masa Baki

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, amma wani malamin makaranta a Gashuwa ya lura cewa hoto shi kaɗai ba ya isar da saƙo.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Galibin ɗaliban malamin 'ya'yan masunta ne da manoman bakin Kogin Yobe, masu begen shiga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, alhali kuwa ba su saba da na'urar ba. Sai ya ɗauki hotunan fuskar kwamfuta, ya haɗa musu ɗan littafin jagora.

Ɗaukar hoto ba wuya, aikin yana ga rubutun da zai raka shi. "Hoto na 4" ba ya koya wa yaro kome. Saboda haka kowane hoto yakan ba shi kan magana mai faɗin aikin da za a yi, kamar "Yadda za ka wuce zuwa tambaya ta gaba." A ƙarƙashinsa kuma ya ce a danna harafin N a ci gaba, P kuwa ya mayar da mutum baya.

Inda ya fi tsanantawa shi ne harafin S, watau na miƙa amsoshi. Nan a saman hoton ya ɗora gargaɗi, domin yaro mai garaje yakan danna kafin idonsa ya sauka ƙasa. Wanda ya miƙa kuma ya tabbatar, ba komawa, sai baɗi in da rai. Allah Ya ba yaran sa'a, amin.